Bikon Rijiyar Gurbi Tara

An sha jin mace ta yi yaji, an sha jin raƙumi ya tsinke akala ya faɗa daji, amma a ce rijiya ta tattara nata ya nata ta bar mutanenta, wannan sai a Gurbi Tara. In ka je can ka tambayi yadda aka yi, kowa sunan mutum ɗaya zai kira maka, Arzika.

Gurbi Tara tana can arewa, tafiyar kwana goma sha biyu bayan inda gero ke daina fitowa. Gida takwas ne kacal, duk makiyayan raƙuma da awaki. Tun kaka da kakanni suka tsara yadda ake cin ƙasar. Da damina suna jigawa, dabbobi na shan ƙananan tafkuna. In ruwa ya ɗauke sai su gangaro Tafkin Jimina, wanda shi ne ke ƙafewa daga ƙarshe. Sai sun ga laka ta fara leƙowa a tsakiyarsa sannan su shiga Kwarin Aduwa, inda rijiyarsu take, su ci rani a can. Kwarin nan kuwa ba a sa masa ko ɗan akuya sai ciyawarsa ta bushe ta zubar da iri.

A bakin rijiyar akwai wani gungumen itace da igiyoyin guga suka ci har suka yi masa gurbi tara. Takwas na gidajen nan takwas ne, kowane gida da inda yake zura igiyarsa. Na taran ba mai sa igiya a cikinsa, amma kullum sumul yake, yana sheƙi kamar yanzu aka gama jan ruwa. Ba wanda ke tambayar dalili.

Shi Arzika mutum ne da zama wuri ɗaya ke zame wa ciwo. In ana hira yana tsaye, in ana jan ruwa yana buga ƙafa, kai ka ce ƙarangiya aka zuba masa a wando. Yana da wata taguwa, Fara, da yake ji da ita fiye da kowace dabba tasa, ga ta da tsohon ciki, ga ta ta rame don ciyawar bakin tafki ta ƙare. Wata rana ya hau tudu ya hango kwarin kore shar, ciyawa har gwiwa, ya yi tsaki ya ce, "Daji ne fa, ba mai shi. Don me dabba za ta rame ga abinci tsaye?" Ya kora raƙumansa goma sha ɗaya ya zuba su ciki kwana biyu, ya dawo da su kamar bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kwana uku da yin haka Baba Nomau, Sarkin Rijiya, ya tafi duba ruwa kafin a yi ƙaura. Da hantsi sai ga shi ya dawo ba rawani a kansa, ya zube a gaban jama'a.

"Ba ta nan," ya ce.

"Wa, Baba?"

"Rijiya. Ba rami, ba gungume, ba komai. Sai wani sawu mai laima, faɗinsa kamar daɓen ɗaki, ya miƙe ya yi arewa."

Kowa ya juya ya dubi tafkin, kowa kuma ya yi lissafin da ɗan'uwansa ya yi: ruwan da ya rage bai wuce na kwana bakwai ba, rijiya mafi kusa kuwa tafiyar kwana goma ce.

Kuluwa, yayar Arzika, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ba ta dubi tafki ba, ƙanenta ta duba. "Arzika," ta ce, "kashin raƙuman kowa busasshe ne. Na naka kore ne tun shekaranjiya. Ina suka ci?"

Kunya ta lulluɓe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Baba Nomau bai zage shi ba, da ma ya zage shin da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Wanda ya sa aka yi yaji shi ke zuwa biko. Bi sawun tun bai bushe ba."

Kuluwa ta cika masa salka da ruwan tafkin, ta ɗaura masa ita da kanta. "Ka tafi a hankali," ta ce. Ina! Kafin ta rufe baki ya haye Fara ya ba ta ƙaimi.

Kafin rana ta take ya fito daga jigawa ya hau wani fako, shimfiɗaɗɗe, baƙin tsakuwa iya ganinka, ba ko tumfafiya. Sawun rijiyar ya bi gefen fakon ya yi gwauron zagaye. Arzika ya duba ya ga in ya yanke ta tsakiya zai rage rabin yini, ya karkata akala ya yanke. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, amma bakin fakon sai ƙara nisa yake. Ya waiwaya, inda ya baro ma ya yi nisa. Sai ya ji murya daga sama.

"Kai mai ƙafa, waye ya ba ka izinin taka min masussuka?"

Ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ce tsaye, tsawonta ya kai giginya, da faifai a hannunta tana shiƙa. Duk sanda ta zazzago, sai guguwa ta tashi daga ƙasan faifan ta yi gaba tana juyi.

Arzika ya diro ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ban san da kowa ba. Na ɗauka fili ne na banza."

"Ku 'yan Adam duk inda ba ku ga bukka ba sai ku ce na banza ne. Nan nake sussuke irin ciyawar dajin nan kaf, iska ta kai shi rumbu, da damina a fito da shi a watsa. Bana na jira rabon Kwarin Aduwa, shiru. Da na tambaya aka ce wani mai gaggawa ya zuba shi a cikin raƙuma. Ko ka san shi?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na sani. So nake in ji ko bakinka zai iya ɗauka." Ta ɗebo yashi cike da faifai ta dire a gabansa. "A cikin nan akwai ragowar irin kwarinku na bara. Tsince min cikin tafi ɗaya. Ba ka fita daga fakon nan sai ka cika."

Irin ciyawar daji ƙanana ne, har sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Arzika ya zauna yana tsinta, ƙafarsa na rawa, idonsa na kan rana, zuciyarsa na kan tafki. Sau biyu yana yin garaje, numfashinsa ya kwashe abin da ya tara. Sai da la'asar sakaliya tafin ya cika. Tsohuwar ta ƙulle masa shi a bakin rawaninsa ta ce, "Ba a zuwa biko hannu rabbana. Tafi, kuma ka bi sawu inda ya bi." Ya ɗaga ƙafa sau uku sai ga shi a bakin fakon. Yanken da ya yi don ya rage rabin yini ya cinye masa yini guda.

Washegari ya shiga tuddan rairayi, manya-manya, jajaye, suna gurnani daga ciki kamar ana niƙa. Waɗannan su ne rumbunan da tsohuwar ta faɗa. Ba sa zama wuri ɗaya, ka sa wannan a dama, kafin ka ƙifta ido ya koma hagu. Wani ya gangaro zai binne sawun, Arzika ya sauka ya ja Fara da gudu suka wuce da ƙyar, yashi na zubo musu a ƙeya. Wannan karon ko da sawun ya yi lauje bai yanke ba, sai dai ya yi ta cizon yatsa yana bi.

Daga nan ƙasa ta faɗa ta zama fara fat, kanwa ce shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kawalwalniya na rawa a kanta. A bakinta wani makiyayi na tsaye da sanda a kafaɗa, siriri, inuwarsa ta miƙe wajen rana maimakon ta guje ta. Garkensa ba shanu ba ne, mariri ne da barewa da jimina, suna lasar kanwa a natse.

"Salamu alaikum, mai garke," in ji Arzika.

"Wa alaikumus salam, ɗan gida na huɗu. Igiyarka tana da ƙulli biyu kusa da guga, kuma kana buga ƙafa in kana jan ruwa."

Arzika ya ce, "Ina ka san ni, ranka ya daɗe?"

"Shekara nawa muna jan ruwa kafaɗa da kafaɗa? Gurbi na tara nawa ne. Kakanninku da namu suka raba kwarin nan uku. Damina tamu ce, dabbobina su ci toho. Rani naku ne, naku su ci busasshiya. Kaka kuwa ta ciyawar ce ita kanta, ta yi iri ta zubar. Mu da ba a ganinmu, da za mu iya ci ba wanda ya sani, ba mu taɓa sa mata baki a kaka ba. Kai da ake gani da rana tsaka ka ci."

"Taguwata ce ta rame, ga ciki..."

"Nawa ma suna ramewa."

Arzika ya ja Fara zai hau kanwar, tana sa ƙafa ɓawon ya fashe, baƙar laka ta kama ta har gwiwa. Da ƙyar ya fizgo ta. Ya matsa gaba ya sake gwadawa, haka. Mariri kuwa ga su can suna yawo a kai ko tsagewa ba ta yi.

"Ƙasar nan ba ta ɗaukar cikin da ya ci rabon kaka," in ji makiyayin. "Kai za ka wuce, don ba kai ka tauna ba. Ita sai dai ta zauna a garkena. Kuma abin da ya shiga garkena ba ya fita."

"Ba wata hanya?"

"Akwai. Zagaye, kwana shida."

Arzika ya tsaya, ya kai gwauro ya kai mari a bakin kanwar. Saboda taguwar nan ya jawo duk wannan masifa, ga shi an ce ya bar ta. Ya kwance mata akala, ya sauke salka ya rataya a kafaɗarsa, ya dafa wuyanta. Ya yi kuka, kuka sosai, irin wanda bai yi ba tun yana goye a bayan Kuluwa. Sannan ya hau kanwar da ƙafa, yana jin Fara na kiransa har muryarta ta ɓace.

A rana ta uku da hantsi ya iso wani birni mai ganuwar gishiri. A ƙofar birnin an jibge gumagumai, dubbai, kowanne da gurabun igiya, an tuɓe su kamar takalma a ƙofar masallaci. Yana shiga sanyi ya buge shi. Ba gida ko ɗaya a ciki, sai bakunan rijiyoyi jere a ƙasa, layi bayan layi, suna numfashi a hankali, suna gunaguni da juna da muryar ruwa. A tsakiyarsu wata mace na zaune a kan turmi, gashinta jiƙe yana ɗiga, duk inda ɗigon ya faɗa sai ciyawa ta tsiro ta bushe nan take.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninki. Wa nake gaisarwa?"

"Magajiyar Rijiyoyi. Duk rijiyar da mutanenta suka ɓata wa rai nan take dawowa, gidan uwarta. Waccan an sare itatuwan da ke kanta. Waccan an hana baƙo ruwanta. Waccan an zubar da jini a bakinta, shekara ɗari huɗu ke nan ba wanda ya biyo ta. Me ke tafe da kai, ɗan Adam?"

"Biko na zo, ranki ya daɗe. Laifin nawa ne ni kaɗai. Gida takwas na can bakin tafki, ruwansu saura na kwana huɗu, ba su ci ba ba su sha ba a cikin abin da na yi."

"Me ka riƙo?"

Ya kwance bakin rawani ya nuna mata irin. Ta dube shi ta gyaɗa kai. "Wannan za ka mayar inda aka ɗauke shi. To, tashi ka nuna min taku. In ka nuna wata, ita za ka tafi da ita, ko da mai ɗaci ce, ko da busasshiya."

Arzika ya dubi layukan, duk baki ɗaya ne, ba gungume ba alama. Hankalinsa ya tashi. Ya fara buga ƙafa kamar yadda ya saba, kuma bugun ƙafar nan ne ya tuna masa. Shekara ashirin yana sakin guga a rijiyarsu yana ƙirga bugun ƙafarsa don haushin jira: goma sha huɗu, sai guga ya daki wani ɗan dutse da ya turo kai daga gefe, sannan ya faɗa ruwa. Dutsen nan ya yaga masa guga ya fi a ƙirga, ya tsine masa ya fi sau dubu.

Ya cika aljihu da tsakuwa ya shiga bin layi, yana jefawa yana ƙirgawa. Wata tara, wata ashirin, wata ko ƙarar ruwa babu. Rana ta take, ta karkata. Can wajen la'asar ya saki tsakuwa, ƙafarsa ta buga goma sha huɗu, sai ya ji ƙwas, sannan tsulum. Ya durƙusa a bakinta ya ce, "Ke ce. Ki yi haƙuri, na yi kuskure. Ki zo mu koma gida." Ruwan ya yi wata ajiyar zuciya daga can ƙasa.

Magajiya ta sa aka ɗauko gungumen rijiyar aka mayar mata. Ta tsinko ciyawa daga gefen turminta ta tufka wata 'yar igiya siririya, ta ɗaura a gurbi na tara, ta miƙa masa ɗaya bakin.

"Saurara da kyau, mai gaggawa. Za ta bi ka, amma da tafiyarta, ba da taka ba. Cike take, ba ta son tangaɗi. In ka fizga, igiyar za ta tsinke, kuma inda ta tsinke nan rijiyar za ta zauna har tashin duniya. Ba na ba da igiya ta biyu."

"Kwana nawa za mu yi, ranki ya daɗe?"

"Biyar."

"Ruwansu na huɗu ne!"

"Da ka bi sawu a fako, da ya isa."

Haka suka kamo hanya, mutum a gaba, rijiya a baya tana tsaga ƙasa a hankali, ƙasar na rufewa a bayanta. Tafiyarta irin ta tsohuwa ce da ta ɗauko tulu cike. Arzika ya ɗaga ƙafa, ya jira, ya ajiye. Wannan ita ce azabar da ta fi kowace a tafiyar. Suka ratsa kanwa, ya hango garken nan can nesa da wani abu fari dogo a tsakiyarsa, bai tsaya ba, bai kuma yi sauri ba. Tuddan rairayi suka dare suka ba su hanya. A fako tsohuwar ta dakata da shiƙa har suka zagaye. Ya ciji leɓensa har ya fashe, amma bai ja igiyar ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu. A ransa yana ganin tafkin yana tsukewa, yana ganin laka tana tsagewa.

A rana ta biyar da hantsi, saura tafiyar rabin yini su shiga Kwarin Aduwa, ya hau wani ɗan tudu mai duwatsu ya hango kudu. Ungulaye ne a sama, sun fi talatin, suna shawagi daidai kan Tafkin Jimina.

Ba tunani ya yi ba. Fuskar Kuluwa kawai ya gani, da hannunta tana ɗaura masa salka, ruwan da ko tantama babu daga rabonta ta ɗiba. Ya ce, "Yaya!" ya zabura gaba.

Igiyar ta ce ɗas.

Ya juyo. Rijiyar ta yi wata girgiza, ta nutsa ta zauna daram a tsakiyar duwatsu, inda ba ciyawa ba inuwa. Ya kama guntun igiyar zai ƙulla, ta marmashe a hannunsa. Ya roƙe ta, ya rungumi gungumen ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ko gezau. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya cika salka ya zuba da gudu.

Ya tarar da jama'arsu a tsakiyar tafkin suna tonon laka suna matsewa a tsumma. Ungulayen na awaki ne da wasu raƙuma biyu da suka faɗi. Mutum ko ɗaya bai mutu ba. Kuluwa na zaune a gindin wata magarya, leɓunanta sun tsattsage, ya durƙusa ya kafa mata bakin salka. Kafin rana ta faɗi an ɗaura kaya, washegari gida takwas suka zura igiyoyinsu, kowa a gurbinsa.

Sun rayu. Arzika ya watsa irin nan a kwarin da hannunsa, da damina ciyawa ta fito. Amma daga ranar ruwa yana wuri ɗaya, ciyawa tana wani. Duk rani sai dabbobi su taka rabin yini su sha, su taka rabin yini su koma su ci, raunana na faɗuwa a hanya. Mata su kora jakuna da salkuna, su fita da sassafe su dawo rana ta yi sanyi. Wannan tsakanin shi ake kira Tazarar Arzika, har yaran da ba su san shi ba haka suke ce masa.

Ranar da Kuluwa ta fara bin hanyar, Arzika ya bi ta ya karɓi salka ɗaya ya saɓa. Da suka yi nisa sai ta ce, "Baba Nomau ya ce kwana huɗu ka yi kana tafiyar hawainiya. Kai ɗin nan?"

"Haka ne, Yaya."

"To, me ya sa ka ja, saura ƙiris?"

"Ungulaye na gani. Na ɗauka ke ce."

Ta tsaya ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin zane. "Saboda ni ka ja ke nan."

"Saboda ke."

"To, ai ga shi ni nake takawa." Ta gyara ɗaurin zanenta ta kaɗa jakin. "Mu je. Kuma kada ka wuce ni, gwiwata ba ta son sauri."

Bai wuce ta ba. Ya rage ƙafa ya jera da ita, suka ci gaba da taka duwatsun a hankali, rana na hawa.